Zane, Waƙa da Wasan Kwaikwayo a Hannun Jama'a: Tambayoyin da Ake Yawan Yi

Duk wanda ya taɓa tara mutane don su ƙawata bangon unguwa, ko su kafa ƙungiyar rera waƙa, ko su shirya wasan kwaikwayo a kan abin da ya dame su, ya san tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Wasu daga iyaye suke fitowa, wasu daga malaman makaranta, wasu kuma daga masu ba da tallafi da ke son tabbacin kuɗinsu ba zai tafi a banza ba. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Mene ne ake nufi da aikin fasaha na al'umma?

Aiki ne na zane, ko waƙa, ko kiɗa, ko wasan kwaikwayo, ko ɗinki da saƙa, ko ɗaukar hoto, wanda mutanen wuri ɗaya ke yi da hannunsu, alhali yawancinsu ba sana'arsu ba ce. Galibi akwai ƙwararre ɗaya ko biyu tare da su, yana koyarwa yana daidaita aikin.

Akwai wani abu mai kama da shi da ake yawan haɗa su. Hukuma na iya ɗauko shahararren mai zane daga nesa, ya ƙawata bangon gada cikin mako guda, a yi bikin buɗewa, ya kama hanya. Bango ya yi kyau, babu musu, amma mazauna wurin 'yan kallo ne. Ni ma'aunina tambaya biyu ce: wa ya zaɓi abin da za a yi, kuma wa ya sa hannu aka yi shi? A birnin Los Angeles na Amurka, mai zane Judith Baca ta fara zana tarihin jihar Kalifoniya a bangon wata magudanar ruwa a 1976. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1980 matasa fiye da 400, daga ƙabilu da unguwanni daban-daban, sun yi aiki a bangon, wanda tsawonsa ya haura mita 800. Wasu daga cikin na farkon ma yara ne da suka riga suka shiga hannun hukuma. Irin wannan shi ake nufi a nan.

Da gaske yana haɗa kan mutane, ko dai fatan alheri ne kawai?

Yana haɗawa, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne ginshiƙin duk abin da ke wannan shafi. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya bayyana cewa tara ɓangarori biyu a wuri ɗaya kawai ba ya rage ƙiyayya. Sai in sun haɗu a matsayi ɗaya, da buri ɗaya, suna taimakon juna, kuma akwai na gaba da ke goyon bayan haɗuwar. A wannan shekarar ne Muzafer Sherif ya gwada abin a wani sansani a jihar Oklahoma da yara maza 22. Ya raba su gida biyu, ya sa su gasa har suka tsani juna. Da aka zaunar da su tare don cin abinci da kallon fim, faɗa ya ƙaru. Gabar ba ta fara sauka ba sai da ruwan sansanin ya tsaya suka haɗu suka gyara, sai kuma motar da ta ƙi tashi suka ja ta da igiya ɗaya.

Aikin fasaha na jama'a yana samar da irin wannan buƙatar juna ba tare da an jira masifa ba. Mai riƙe tsani yana buƙatar wanda ke sama ya gama, na sama kuwa ransa na hannun mai riƙewa. Masu rera waƙa dole su saurari juna, in ba haka ba murya ta watse. Mutum biyu da ba su taɓa gaisawa ba za su iya shafe awa uku suna cike fili ɗaya da fenti, idanunsu a bango, hira na fitowa da kanta. Da an zaunar da su fuska da fuska an ce su tattauna, da wuya su faɗi rabin abin da suka faɗa a can. Amma in an tsara aikin ta yadda kowa zai yi nasa a gefe ya tafi, hoton zai fito, zumuncin ba zai fito ba.

Ban iya zana komai ba. Ina da abin yi a ciki?

Ƙwarai kuwa. Yawancin aikin bango ciko ne: ƙwararre ya fitar da layuka, ya sa wa kowane fili lambar launinsa, sauran mutane su cike. Ga kuma masu haɗa fenti, masu wanke buroshi, masu rubuta sunayen mahalarta, da dattawan da ke ba da labarin da za a zana. A wasan kwaikwayo ma masu ɗinka kaya da masu gyara dandali sukan fi 'yan wasa yawa.

Ɗaya daga cikin ayyukan jama'a mafi girma a duniya ba ƙwararru suka yi shi ba. A Amurka, iyalai da abokan waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe sun riƙa ɗinka ƙyalle mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 3, kowanne da sunan mamacinsa, ana haɗa su su zama shimfiɗa ɗaya. Da aka fara baje ta a Washington a watan Oktoba na 1987, ƙyalle 1,920 ne. Yau sun kai wajen 50,000, kuma da yawa daga masu ɗinkin ba su taɓa riƙe allura ba kafin nan.

Wace irin fasaha ya kamata mu zaɓa?

Ku dubi mutanen da kuke da su da kuma abin da ke gabanku. In baƙin juna ne kuma lokaci kaɗan ne, waƙar taro ta fi saurin narkar da kunya. Masu bincike daga Jami'ar Oxford sun bi azuzuwan manya na tsawon wata 7, suka wallafa sakamako a 2015: masu koyon waƙa sun fi masu sana'ar hannu da masu rubutu saurin sabawa da juna a watan farko, amma kafin a ƙare duk sun yi kusan daidai. Wato waƙa ta fi sauri ne kawai.

In akwai matsala mai zafi da mutane ke jin nauyin faɗa, wasan kwaikwayo ya fi dacewa. Augusto Boal na ƙasar Brazil ya ƙirƙiro wani salo da ake nuna wasa a kan zalunci ko rikici, sai a maimaita shi, kowane ɗan kallo na da damar tsayar da wasan ya hau dandali ya karɓi matsayin wanda ake cuta, ya gwada tasa mafitar. Mutum zai faɗi abin da ke ransa a bakin wani, ba tare da ya tona asirin gidansa ba. Zanen bango kuwa shi ke daɗewa a idon kowa, don haka shi ya fi buƙatar shawara mai tsawo. Ɗinki da saƙa sun dace da waɗanda fita taro ke yi musu wuya, tunda ana iya yin rabin aikin a gida.

Ta ina ake farawa?

Da sauraro. Kafin a sayi gwangwanin fenti ko ɗaya, a zaga a ji ta bakin mazauna wurin, musamman waɗanda ba sa zuwa taro: tsofaffi, masu lalura, baƙin da suka tare kwanan nan, da matasan da ake yi wa kallon marasa ji. Da ɗan gari akan ci gari. Shirin zanen bango na birnin Philadelphia, wanda yau ya samar da ayyuka sama da 4,000, ya faro ne a 1984 lokacin da aka ɗauki Jane Golden ta je ta nemi matasan da ke ɓata bangaye da rubutu, ta jawo su su yi zane da izini. Da waɗanda ake kuka da su aka fara.

Sannan a fara da ƙarami. Bango ɗaya, ko waƙa uku, ko wasan minti 20, wanda za a gama cikin makonni kaɗan kowa ya ga ƙarshensa. Aikin da aka bari rabi yana kashe gwiwa fiye da wanda ba a fara ba, kuma in kun sake kiran mutane gobe za su tuna.

Wa ke da ta cewa, ƙwararren ko jama'a?

A nan aka fi samun saɓani. In aka bar wa ƙwararre komai, an koma ga aikin 'yan kallo da aka ambata a amsar farko. In kuma aka ce kowa ya sa abin da yake so, a ƙarshe za a sami bango cike da tarkacen da ba wanda ke alfahari da shi, su kansu masu aikin za su ji kunyarsa. Mutane na son abin da suka yi ya yi kyau, kuma raini ne a ɗauka cewa tunda ba ƙwararru ba ne komai ma ya ishe su.

Rabon da na ga ya fi zama lafiya shi ne jama'a su yanke abin da aikin zai faɗa da abin da ba za a taɓa ba, shi kuma ƙwararre ya yanke yadda za a tsara shi. Ya kawo daftari, a liƙa inda kowa zai gani, a ba da kwanaki a yi gyara, ya sake kawowa. Wajen zaɓen ƙwararren, kada kyawun aikinsa kaɗai ya ruɗe ku. Ku tambayi waɗanda ya taɓa aiki da su ko yana da haƙuri, ko kuma irin mutanen nan ne da ke bi da daddare suna gyara abin da yara suka zana.

Idan wasu sun ce addininsu ko tarbiyyarsu ba ta yarda da hoton mai rai ko kiɗa ba fa?

A ɗauki maganarsu da muhimmanci tun a zaman farko, kada a mai da su masu kawo cikas. Aikin da aka yi don haɗa kai, in ya fara da ware wasu, ya karya kansa. Hanyoyi suna da yawa: rubutun ƙawa, zanen siffofi masu maimaituwa, furanni da itatuwa, taswirar unguwa, waƙar baka ba kayan kiɗa, ko zama daban na mata da na maza waɗanda za a haɗa aikinsu daga baya. A 2016 mai rubutun ƙawa eL Seed, ɗan asalin Tunisiya, ya shimfiɗa rubutun Larabci guda a jikin gine-gine kusan 50 a Manshiyat Nasr da ke Alƙahira, unguwar Kiristocin Kibɗawa masu sana'ar tara shara. Kalmomin na wani babban limaminsu ne na ƙarni na 4, Athanasius, kuma ba a ganin rubutun a haɗe sai daga kan dutsen Muƙaɗɗam. Shi da tawagarsa suka yi yawancin fentin, don haka bai cika ma'aunina duka ba, amma ya nuna cewa ana iya girmama mutane da harafi kaɗai.

Darasin zane da waƙa a makaranta ba ɓata lokacin karatu ba ne?

Wannan tambayar iyaye ce, kuma tana da hujja. Amsar da ta fi ƙarfi ta fito daga birnin Houston, inda Daniel Bowen da Brian Kisida suka bi makarantu 42 da ɗalibai sama da 10,000. Ƙuri'a aka jefa don zaɓen makarantun da za a ƙara wa harkokin fasaha, abin da ya sa kwatancen ya zama na adalci. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna laifuffukan da ake hukunta ɗalibai a kansu sun ragu, makin rubutu ya ƙaru, tausayin juna ma ya ƙaru. Makin lissafi da na karatu bai canja ba, bai hau ba kuma bai sauka ba.

Saboda haka ba na goyon bayan masu tallata fasaha da cewa za ta mai da yaro gwanin lissafi. Amfaninta a wani wuri yake. Yaron da kullum yake na ƙarshe a jarrabawa yana samun fagen da shi ne ake tambaya, ajin kuma ya koyi yin abu guda tare, wanda jarrabawa ba ta koyarwa tunda a can kowa ta kansa yake yi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 31, ta sa shiga harkokin fasaha da al'adu cikin haƙƙoƙin yaro, hukumar UNESCO kuma tun 2011 ta ware mako na huɗu na watan Mayu don ilimin fasaha.

Muna jin labarin shirin kiɗa na Venezuela. Za mu iya kwaikwayonsa?

José Antonio Abreu ne ya kafa shirin, wanda ake kira El Sistema, a 1975, ya kuma girma har yara dubu ɗaruruwa suka riƙa koyon kiɗa kyauta a rukuni. Abin koyi a cikinsa shi ne yaro na shiga rukuni tun farkon koyonsa, ana haɗuwa kusan kullum, manyan ɗalibai na koyar da ƙanana. Wani gwaji da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya ɗauki nauyi a kan yara kusan 3,000 ya sami ƙarin kamun kai da raguwar matsalar ɗabi'a bayan shekara guda. Amma shirin ya rayu ne da kuɗin gwamnati mai arzikin mai, kuma mai bincike Geoffrey Baker ya soke shi a 2014 kan tsauri da rashin bai wa ɗalibai ta cewa. Ku ɗauki yawan haɗuwa da koyar da juna, ku bar tsadar. A Cateura ta ƙasar Paraguay, kusa da babbar bola, da gwangwanaye da tsofaffin bututu aka ƙera kayan kiɗan yara.

Zai iya sasanta mutanen da ke gaba da juna?

Shi kaɗai, a'a. Fenti ba ya raba gardamar fili, ba ya mai da haƙƙin wanda aka zalunta. Makaɗi Daniel Barenboim ɗan Isra'ila da malami Edward Said Bafalasɗine sun kafa ƙungiyar makaɗa ta matasan Larabawa da na Isra'ila a 1999 a birnin Weimar na Jamus, har ta yi wasa a birnin Ramallah na Falasɗinawa a 2005. Barenboim da kansa ya sha faɗin cewa ba ita za ta kawo zaman lafiya ba, aikinta yaƙi da jahiltar juna ne, kuma akwai Falasɗinawan da suka soke ta da cewa tana lulluɓe rashin daidaiton da ke ƙasa. Sukar tana da tushe, domin sharaɗin Allport na farko, wato matsayi ɗaya, shi ya fi wuyar samu a inda wani ɓangare ya fi ƙarfi (duba amsa ta biyu).

Inda ya fi amfani shi ne bayan an tsagaita, lokacin da mutane ke neman dalilin sake haɗuwa. A Ireland ta Arewa an ƙulla yarjejeniyar sulhu a 1998, amma bangaye sun ci gaba da ɗauke da hotunan 'yan bindiga masu rufe fuska. A 2006 aka fara shirin tallafa wa unguwanni su sauya su, kuma sai da yardar mazauna kowace unguwa ake taɓa bango. In za ku yi irin wannan, ku fara zama da kowane ɓangare daban, ku zaɓi wurin da ba na kowa ba, jagoranci kuma ya zama na haɗin gwiwa tun daga rana ta farko.

Ina za a samu kuɗi?

Kaya sun fi kuɗi sauƙin samu: ragowar fenti, aron tsani, ɗakin taro, ƙyallaye. Abin da aka tara, komai ƙanƙantarsa, a rubuta shi a littafi da kowa zai iya dubawa, mutum biyu su riƙa sa hannu, domin zargi kan kuɗi ya fi komai saurin wargaza irin wannan ƙungiya. A biya ƙwararren haƙƙinsa. In da hali a ba matasan da suka ba da makonninsu wani abu, kamar yadda aka biya na Los Angeles. Mai tallafin da ya ce sai tambarinsa ya mamaye bango ko sai ya zaɓi saƙon, ku gode masa ku nemi wani.

Yaya hannu da yawa za su yi bango ɗaya ba tare da an ɓata shi ko an ji rauni ba?

A wanke bangon, a toshe tsagu, a bar shi ya bushe sarai, sannan a shafa fentin share fage wanda ke sa na sama ya kama. Bango mai jiƙa daga ciki zai ɓare ko da wane fenti aka sa. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, saboda haka kada yara su kankare shi. Ana raba daftarin gida-gida a takarda, a maimaita gidajen a bango da girma, sai a kwafa ɗaya bayan ɗaya. Fenti mai narkewa a ruwa ya fi dacewa da taro, na fesawa kuwa sai manya masu takunkumi. Yara su tsaya inda hannunsu ke kaiwa daga ƙasa.

A Philadelphia sukan yi zanen a kan wani yadi mara nauyi da aka yanka gunduwa-gunduwa, a cikin ɗaki, daga baya a manna a bango. Da wannan dabarar marasa lafiya a asibiti, tsofaffi, har fursunoni ke sa hannu a bangon da ba za su iya zuwa gabansa ba.

Sai an nemi izini? Hukuma na iya hanawa?

A nemi izinin mai bango a rubuce, da na hukumar da ke kula da wurin, a kuma faɗi shekara nawa zanen zai zauna. Hotunan yara ba a watsa su sai da yardar iyaye, labarin da wani ya bayar a zaman shiri kuma ba ya hawa dandali sai ya amince.

Hanawa kuwa tana faruwa, musamman in aikin ya taɓa masu ƙarfi. A ƙauyen Kamiriithu na Kenya manoma da ma'aikata sun gina dandalin wasa mai ɗaukar mutum wajen 2,000 da hannunsu, suka shirya wasa da harshensu na Kikuyu tare da marubuci Ngugi wa Thiong'o. Gwamnati ta janye izinin wasan a ƙarshen 1977, ta tsare Ngugi shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe dandalin. Masu shiryawa su faɗa wa mahalarta gaskiyar haɗarin tun da wuri, domin baƙon ƙwararre na iya tafiya, su kuwa a nan za su kwana.

Ta yaya za mu san an yi nasara, kuma me ke biyo bayan bikin buɗewa?

Yawan waɗanda suka zo biki ba ya nuna komai. Ku duba littafin sunaye: mutum nawa suka dawo zama na uku da na huɗu, daga wane ɓangare suke, su wa suka daina zuwa kuma me ya sa. Bayan wata 6 ku sake tambaya ko akwai waɗanda suka saba a wurin aikin da har yanzu suke hulɗa. Binciken Oxford da aka ambata a sama ya nuna a wasu ayyukan sabo na buƙatar watanni, don haka kafin a watse a sa ranar haɗuwa ta gaba.

Shi ma bangon yana son kulawa. Rana na kodar da launi, wasu launuka sun fi wasu saurin kodewa, kuma ko babban bangon Los Angeles sai da aka yi masa gyara na musamman wanda aka kammala a 2011. A shafa man kariya a sama, a ajiye ragowar kowane launi da lambarsa tare da hoton daftarin, a kuma ba mutum biyu ko uku da ke zaune kusa alhakin dubawa. In wani ya yi rubutu a kai, a goge cikin kwana ɗaya ko biyu, sannan a nemi wanda ya yi a gayyace shi aiki na gaba.